Mai Agogon Da Ya Ƙi Sa Hannu

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran takalmi. Shagon ba ya ɗaukar fiye da mutum uku. Tebur ɗaya ne da fitila a kansa, sai gwangwanayen madara cike da batura da ƙananan noti. Bango duk agogunan mutane ne, kowanne da 'yar takarda mai sunan mai shi. Guda ɗaya ne ba na kowa ba: wani tsohon agogon katako da mahaifinsa ya bari. Shi kuwa mai shagon, kowa Mai Agogo yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Mutumin nan, 'ya'yana, ɗan adawa ne har cikin ƙashinsa. Shekara goma sha biyu yana bin ɗan takara ɗaya. Hoton ɗan takarar na manne saman teburinsa, ya koɗe, ya sake wani, shi ma ya koɗe.

Yana da ƙani mai walda, ana ce masa Lasifika. Shi ke riƙe lasifikar jam'iyya a wurin taro, amma ko an karɓe ta ba ka jin bambanci. Idan yana gardama a ƙarshen layi, mata na cikin gida suna sanin inda maganar ta kwana.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya zo, jam'iyya ta sa Mai Agogo ya zama wakilinta a rumfar da ke makarantar unguwa. Wadda aka ɗora wa kula da rumfar wata Malama ce, maƙwabciyarsu, ita ta koya wa 'ya'yansa mata karatu. Wakilin jam'iyya mai mulki kuwa Mai Kemis ne, wanda kantin maganinsa ke babban titi.

Mai Agogo bai zauna ba ranar nan. Har da gilashin da yake maƙalawa a ido ya je. Mai Kemis ya tsokane shi, ya ce ko batirin akwatin zaɓe ya zo dubawa. Da aka zo ƙirga, duk takardar da Malama ta ɗaga sai ya matso ya duba inda aka dangwala. Aka gama, ya ce a sake. Malama ta sake tun daga farko.

An kayar da su da ƙuri'a goma sha ɗaya. Ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi tasa ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan kwana uku, da hantsi, aka faɗi sakamakon ƙasa baki ɗaya. A rediyon mai faci suka ji. Ɗan takararsu ya sake faɗuwa.

Mai faci ya kashe rediyon ya zauna a kan taya. Wata mai sayar da lemo ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Wani dattijo ya ciro katin zaɓensa ya ce daga yau jikokinsa su yi wasa da shi. Lasifika kuwa yana tsakiyar titi yana cewa sata ce, sata ce tsirara.

Mai Agogo ya rufe shago ya tafi gida. Kwana biyu matarsa na kai abinci tana dawowa da shi. Kada ku ɗauka abin bai taɓa shi ba. Ya fi su duka jin ciwo, shi dai ba mai ihu ba ne.

Ranar da ya buɗe shago, da safe, sai ga shugaban jam'iyya na unguwa da takarda a hannu. Ya ce za a je kotu, ana tattara shaidar wakilai, an riga an rubuta tasa, hannu kawai zai sa.

Mai Agogo ya ɗauko tabarau ya karanta a hankali, kamar yadda yake duba cikin agogo. Takardar ta ce Malama ta kori wakilai waje, ta zuba ƙuri'u a akwati, sannan aka tilasta masa sa hannu.

"Shugaba, wannan a ina aka yi shi?"

"An yi a wurare da yawa. Kowa ya sani."

"Wataƙila an yi. Ban je ba, ban gani ba. A rumfata an kayar da mu da goma sha ɗaya. Ina tsaye, sau biyu aka ƙirga."

Shugaba ya yi ta lallashi. Ya ce ai ba ƙarya ba ce tunda an yi a wani wuri, ɗauko ta kawai za a yi a ajiye a nan. Ya ce Malama ba abin da zai same ta. Mai Agogo ya ce sunanta ne a rubuce, aikinta ne, kuma ƙofar gidanta matasan unguwa suka sani. Ya miƙa masa takardar, ya ce a rubuto abin da ya gani, zai sa hannu, zai je kotun ko da ƙafa ne. Shugaba ya fita bai yi sallama ba.

A ranar ne kuma aka shirya zanga-zanga a babban titi bayan azahar. Lasifika bai je ba. Labarin takardar ya riske shi, ya ajiye komai ya nufo shagon yayansa, ya shigo ya ja ƙofa.

Da roƙo ya fara. Ya tuna masa shekarun da suka yi suna manna hotuna a rana, da takalman da suka cinye. Ya ce mutane na nuna shi da baki. Da ya ga yayan ya ci gaba da kwance wani agogon hannu, sai muryar nan ta tashi. Yana cikin wurgi da hannu gwiwar hannunsa ta doki agogon mahaifinsu. Ya faɗo, gilashin ya tarwatse, ya tsaya a kan huɗu da minti ashirin.

Ko hakan bai sanyaya shi ba.

"Yaya, ka faɗa mini gaskiya. Me suka ba ka?"

Mai Agogo ya cire gilashin aikinsa daga idonsa ya dube shi. "Ni kake tambaya haka?"

"Kai nake tambaya. Daga yau ba ni da yaya."

Sai kusan biyar ya fita. Mai Agogo ya share gilashin, ya mayar da agogon kan ƙusa yadda yake. Bai gyara shi ba. A daidai lokacin da Lasifika ke shagon, can a babban titi, wasu daga cikin masu zanga-zangar suka fasa kantin Mai Kemis suka watsar da magunguna.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Aka rubuta "maci amana" da jan fenti a ƙofar shagonsa. Mutane suka riƙa zuwa suna karɓe agogunansu ba a gyara ba, har bangon ya zama ƙusoshi zalla, sai agogon mahaifinsu kaɗai. Mai faci, wanda suka yi shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, ya daina amsa gaisuwarsa. Matarsa ta ce ko zai rufe shagon na ɗan lokaci. Ya ce idan ya rufe, sun ce ya gudu da kunya, alhali ba abin kunyar da ya yi.

Ana haka Mai Kemis ya zo da sabuwar hula mai tambarin jam'iyyarsu. Ya ce ya ji abin da ya faru, mutum irinsa bai dace da waɗancan ba, ya dawo wurinsu a karrama shi.

Mai Agogo ya nuna masa hoton da ke saman tebur. "Ka ga wannan? Gobe aka sake zaɓe shi zan dangwala wa. Na ƙi yi masa ƙarya ne, ban bar shi ba. Ɗauki hularka, rana na dukanka."

Mai Kemis ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin taurin kai irin wannan ba. Ya tafi da hularsa.

Kwana goma bayan zanga-zangar, matar Lasifika ta shigo shagon da goyo a baya, mayafi a karkace. Ta ce 'yan sanda sun tafi da mijinta. Mutum biyu sun ba da shaida cewa shi ya jagoranci fasa kantin. Ya rantse yana shagon yayansa a lokacin, ba wanda ya saurare shi. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, na san abin da ya faɗa maka. Ka duba yaran nan."

Ya ce ta tashi. Ya sauke agogon mahaifinsu, ya naɗe a tsumma, suka tafi.

A ofishin 'yan sanda ya tarar da Mai Kemis a zaune, an kira shi tunda shi aka yi wa ɓarna. Lasifika na kan benci, babu takalmi, ya kasa ɗaga kai. Ranar ce aka fara ganinsa shiru.

Mai Agogo ya kwance tsumman a gaban Sufeto, ya ba da labarin yammacin tun daga shigowar ƙaninsa har fitarsa. Sufeto ya duba agogon, ya tambayi sana'arsa. Da ya ji, sai ya kwashe da dariya.

"Malam, kai mai gyaran agogo ne, ka kawo mini agogo shaida? Ai da yatsa ɗaya za ka kai hannun nan duk inda ka ga dama. Kuma ƙaninka ne."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, zan iya. Agogon ba zai yi magana ba. Ni ne na gan shi, ni nake faɗa."

Sufeto ya ce maganar ɗan'uwa ba ta isa ba, ya ja takardunsa zai rufe. Sai Mai Kemis ya ce a ba shi dama ya yi tambaya ɗaya. Ya juyo.

"Mai Agogo, dube ni. Yana wurinka?"

"Yana wurina. Daga uku da kwata har biyar saura yana zagina."

Mai Kemis ya fuskanci Sufeto. Ya ce kantinsa aka fasa, ya fi kowa son a kama wanda ya yi. Amma mutumin nan jam'iyyarsa gaba ɗaya ta taso masa don ya yi ƙarya ɗaya, ya ƙi, aka ɓata masa ƙofa, aka kashe masa kasuwa. Shi kansa ya kai masa hula ya dawo da ita. Ya ce in wannan ya ce yana wurinsa, to yana wurinsa, a sake kiran shaidun a tambaye su da kyau.

Aka kira su. Da aka matsa, ɗaya ya ce shi dai ya ji ana ihu da lasifika, ya ɗauka shi ne. Ɗayan ya ce shi ma wancan ne ya gaya masa. Kafin la'asar aka ba Lasifika takalmansa.

Washegari Mai Agogo ya zo buɗe shago ya tarar da ƙaninsa tsugune da kananzir da tsumma yana goge jan fentin. Ya buɗe ya shiga. Can Lasifika ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a san yana da ita ba.

"Yaya, da a ce ina wurin fasa kantin fa? Da za ka ce ina nan?"

"Da na kai maka abinci kullum, na nemo maka lauya, na riƙe maka yara. Amma da ban ce kana nan ba."

Lasifika ya dubi tsumman da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Shi ya sa suka sake ni," ya koma ya ci gaba da goge ƙofar.

Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. Shugaba har yau idan ya hango shi sai ya tsallaka titi. Wasu sun dawo da agogunansu, wasu ba su dawo ba. Mai faci dai wata rana ya turo kwano ta ƙofa ya ce abincin ya yi masa yawa. Malama kuwa, da labarin takardar ya kai mata, ta kawo agogon hannunta ta ce a duba mata. Ya buɗe, ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce ta sani, ta zauna a benci tana share ido.

Ɗan takararsu bai ci a kotu ba. Mai Agogo ya ji a rediyo, ya girgiza kai, ya sake manna gefen hoton da ya ɓanɓare. Agogon mahaifinsu kuma da ya zo gyarawa, Lasifika ne ya riƙe masa fitila.

Darasi: 'Ya'yana, faɗuwa zaɓe akwai ciwo, ba wanda ya ce kada ku ji haushi, ba wanda ya ce ku bar naku. Ku nemi haƙƙinku, amma da abin da idonku ya gani. Kada zafin rai ya sa ku ɗora wa maƙwabci laifin da bai yi ba. Wanda ya ƙi yin ƙarya don nasa, ranar da nasa suka shiga uku maganarsa ce za ta fitar da su. Ku tura wa 'yan'uwanku, na ɓangaren da ya ci da na wanda ya faɗi, duka su karanta.