Rijiyar Yalwa da Takardu Arba'in

An ruwaito a tsofaffin littattafai, ni ma karanta mini aka yi, cewa a Birnin Kurmi an yi wani attajiri, Gagare, wanda ba ya ba da rance sai an jinginar masa da gida. Kafin ya bayar, sai Cindo mai kimanta gidaje ya shiga da igiyarsa ya auna komai, ya rubuta, ya kai masa.

Akwai wata mai daddawa, Yalwa, wadda rijiyar gidanta ba ta ƙafewa, da ruwanta take dafa kalwa. Ta karɓi rance, ta biya. Amma takardar awon ta zauna wurin Gagare, kuma a ciki an rubuta: rijiya, zurfi gaba goma sha biyu, ruwa har bazara.

Wata rana Gagare ya jera takardun gidaje arba'in, ya lura rijiyoyin da ba sa ƙafewa duk a layi ɗaya suke. Sai ya sayi filin bayan katangar Yalwa, ya sa a haƙa gaba ashirin don ya sayar da ruwa. Ruwan Yalwa ya fara ja baya, ta kai ƙara fada.

Sarki ya sa aka kawo takardar gidan Yalwa, ya jujjuya ta yana mamaki. Ya ce, "Abin da ke cikin nan na wane ne?"

Gagare ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni na biya ladan awo."

Cindo ya ce, "Igiyata ce, idona ne."

Yalwa ta ce, "Ranka ya daɗe, cikin su biyun wa ya taɓa yashe rijiyar?"

Sarki ya dubi Waziri Barau. Waziri ya ce, "An ruwaito wani falke ya kira ungozoma ta duba ko matar da ya ɗauka aikin daka tana da lafiya. Ta duba ta ce tana da ita. Falke ya ce to ta faɗa masa duk abin da ta gani a jikin, ai ya biya. Ungozoma ta ce, amsar tambaya ɗaya ka saya, na ba ka. Sauran na mai jikin ne."

Gagare ya yi murmushi. "Waziri, hanyar ruwan ba ta cikin takarda ko ɗaya. Kaina ne ya haɗa."

Sarki ya ce, "Wannan gaskiya ne, ka yi basira. Amma da me ka haɗa? Yalwa, don me kika buɗe ƙofa?"

Ta ce, "Don a ga ko gidan ya kai jingina. Ban ce a leƙa mini ƙarƙashin ƙasa ba."

Sarki ya yanke: Cindo yana da ladansa, Gagare yana da amsarsa, kuma ta ƙare ranar da aka biya shi rancensa. Kowa a mayar masa da takardarsa. Filin na Gagare ne, ya yi rijiyarsa, amma gaba goma sha biyu cif, da igiyar Cindo. Aka cike gaba takwas, Yalwa na tsaye tana ƙirga kwandunan ƙasa. Waziri ya sami alkyabba.

Ku kuma masu barin kowa ya shigo da alƙalami har ɗakin girki, ku tambaye shi amsar me ya zo nema, da inda takardar za ta kwana bayan ya samu. Iyakar abin da aka karanta mini ke nan.