Mazurarin da Ba Shi da Lungu

Akwai wani mutum mai injin niƙa a bakin kasuwar ƙauyensu. Da injin nan yake ciyar da gidansa. Ana nan sai tsatsa ta cinye mazurarin, wato inda ake juye hatsi ya gangara cikin inji, mutumin ya kai aikin wurin mai walda. Bakin mazurari kusurwa huɗu gare shi, maƙogwaron inji kuwa zagaye ne. Mai walda bai tsaya dogon tunani ba, ya ƙera akwati, ya huda gindinsa, ya liƙa bututu.

Kyau kam ya yi kyau. Amma jiƙaƙƙen hatsi ya riƙa maƙalewa a lungunan akwatin, ya kwana, ya yi fumfuna, ya bi niƙan mai zuwa. Inna Saratu mai kunu ta ce ko dai injin ne ya fara wari ko mai injin, a duba a gaya mata. Aka yi dariya, amma kashegari ta ɗora kwanonta a ka ta nufi ƙauyen gaba, mata suka bi ta.

Mutumin yana da ɗa, Habila, wanda bai daɗe da dawowa ba bayan shekaru a birni, inda ya koyi zana siffar kayan ƙira a kwamfuta. Habila ba ya iya zama wuri ɗaya, ko jakarsa bai gama kwancewa ba. Da ya ga ubansa zaune gaban injin da ya daina aiki yana korar kaji, ya ƙudura a ransa ba inda za shi sai injin nan ya sake ruri.

Ya ɗora kwamfuta a kan buhu, ya zana baki mai kusurwa huɗu, ya ja shi ƙasa, ya mai da ƙarshensa zagaye a tashi ɗaya. Siffar ta murɗe kamar zanen da aka matse. Ya duba, ya gane dalili: na sama ɗigo huɗu ne kawai, na ƙasa kuwa ɗigo birjik, an rasa wa zai bi wa. Sai ya ƙara ɗigo a gefunan na sama, har kowanne ya sami abokinsa a ƙasa. Daga nan ya ja kaɗan, ya sassauta kusurwa kaɗan, ya sake ja, ya sake sassautawa, har siffar ta sauka sumul.

Uban ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Habila, ina kusurwar ta ƙare, ina zagayen ya fara?"

"Baba, ba inda za ka ɗora yatsa. Hatsi ma ba zai sami wurin kwanciya ba."

Da aka nuna wa mai walda zanen, ya yi tsaki, ya ce shi ba tela ba ne da za a kawo masa wannan uban layuka. Habila ya kwafe siffar a kwali, ya riƙe masa ƙarfe da kansa, suna lanƙwasawa layi bayan layi. Da suka kai tsakiya, abin bai zama akwati ba, bai zama bututu ba. Masu wucewa suka ce kwano ne da mota ta taka. Uban ma ya karaya, ya ce a mai da tsohon, zai riƙa sa hannu yana ƙwaƙule lungunan.

Habila ya share gumi ya ce, "Baba, ba mu gama ba."

Ran da aka ɗaura sabon mazurari, Inna Saratu ta dawo, ta juye geronta a ciki tana harararsa. Da inji ya tsaya, ta zura hannu ta shafa ciki, ba ta taɓo ko ƙwaya ba. Ta ce to, mai inji ya fita daga zargi.

Ma'anar wannan misali ita ce: baki mai kusurwa huɗu tsohon halinmu ne, zagayen kuwa kamannin Almasihu. Wanda ya sake tufafi da irin magana rana ɗaya, ya ce ya gama tuba, akwati ne aka liƙa wa bututu. Lungunansa na nan, fushi da ƙyashi na kwana a ciki, iyalinsa ne ke cin tuwon. Ubangiji ba haka yake aiki ba. Yakan kama kowane ɓangare na mutum, bakinsa, idonsa, zamansa da matarsa, ya ja kaɗan, ya sassauta kaɗan, ba ya barin ɗigo ɗaya a baya.

'Yan'uwa, wani cikinmu yau yana tsakiyar ƙira. Tsofaffin abokai sun ce ya lalace, 'yan ikilisiya sun ce bai gyaru ba. Kada ka koma tsohon akwati. Tsaya a hannun Maƙeri, ka tashi gobe ka miƙa masa layi na gaba. Bai gama ba.