Sunan Jikar Tanimu Mai Niƙa

To jama'a, a gyara zama. Kai Isiyaku, kifa wayar nan tukuna, duniya ba za ta tashi kafin in gama ba. Magana ce aka ɗora mini jiya, ta hana ni sakat, na ce bari in kawo ta majalisa kowa ya ɗauki rabonsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tafinta a kotu, na ga shari'u iri-iri, amma wannan kam ta fi ƙarfina.

Akwai wani bawan Allah, Tanimu mai injin niƙa. Shekara takwas da suka wuce aka yi fashi a hanyar kasuwar garinsu, 'yan sanda suka kwashi mutane, har da shi. Sau ɗaya aka kai shi gaban alƙali, aka tura shi gidan yari jiran shari'a. A daminar shekarar iska ta yaye kwanon siton da kotu ke ajiye takardu, ruwa ya jiƙa komai, aka kwashe su a gaggauce aka cakuɗa na wannan da na wancan. Fayil ɗin Tanimu ya ɓace. Wanda ba shi da fayil kuwa, ba a kiransa. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Yana ciki matarsa ta rasu, yana ciki aka aurar da 'yarsa Habi, wadda ya bari tana da shekara goma sha uku.

Mata uku ne suka fito da shi, kuma kan su ukun nan maganar take.

Ta farko ita ce Saratu, akawu ce a ɗakin ajiyar kotun. Da takardun suka fara fumfuna, babbansu ya ce a loda su a baro a kai bayan gini a ƙone, tunda ba mai iya karanta su. Saratu ta ce a bar mata. Ta kawo tabarmi daga gida tana shanya su a rana kamar mai shanyar kuɓewa, wanda ya manne ta sa wuƙar yanka albasa ta raba shi a hankali. Abokan aiki suna yi mata dariya, suna kiranta uwar gara. Bayan sun bushe ta bi su shafi-shafi tana ɗaukar hotonsu da wayarta, duk lokacin da aiki ya lafa. Shekara biyu tana yi. Shafi dubu talatin da 'yan kai, Isiyaku, ba irin hotunan da kake ɗauka na kanka ba! Ƙurar ta bar mata tari har yau. Ba ta san Tanimu ba, ba ta ma tsaya karanta abin da take ɗauka ba. Ita dai cewa take kowace takarda akwai mutum a bayanta.

Ta biyu ita ce Barista Nusaiba, sabuwar lauya a wata ƙungiya mai taimakon fursunoni kyauta. Ita ta ji labarin hotunan Saratu, ta je ta roƙa aka ba ta izini, ta zuba su cikin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da lauyoyi suka fara amfani da ita wajen duba takardu. Kada ku ɗauka maɓalli kawai ta danna. Rubutun hannu ne na akawuna daban-daban, wani kamar kaza ta yi tonon ƙasa, ga tabon ruwa. Mako shida ta yi tana gyara wa na'urar kuskure tana sake gwadawa, manyanta suna cewa ɓata lokaci take. Ran da abin ya kama, kafin a kira la'asar na'urar ta karance shafi dubu talatin. Ta bi ranaku da sunayen shaidu da hatimi, ta tsamo shafi goma sha huɗu na Tanimu daga fayil tara na wasu mutane, ta jera su bi da bi. Wallahi a zamaninmu, mu goma za a zaunar, kuma sai mu tsufa ba mu gama ba. Ran nan na ji tsoron abin, na kuma ji daɗinsa.

Sai dai a cikin shafukan akwai takardar amsa laifi, an rubuta cewa Tanimu ya ce shi ya yi, ga dangwale a ƙasa, an sa cewa babban yatsansa na dama ne. Na'urar ta auna ta ce wannan hujja ce mai ƙarfi, mafita mafi kusa ita ce ya amsa laifinsa a nemi sassauci saboda shekarun da ya yi. Nusaiba ta duba ta ga lissafin ya hau. Har ta rubuta takardar neman sassaucin.

Ta uku ita ce Barista Rakiya, shugabarsu, tsohuwar lauya mai taurin kai, wadda tun farko ta ce ita ba ta yarda da wannan na'ura ba. Shekara biyar sunan Tanimu na cikin jerin da ke kan teburinta, ba ta iya yi masa komai ba, don ba fayil. Da aka kawo mata takardar don ta sa hannu, sai ta ture ta gefe. Ta ce ita ba ta taɓa sa mutum ya ce ya yi fashi ba tare da ta ga idonsa ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba. Ta shiga mota, tafiyar awa uku, da ciwon gwiwarta. Gandiroba ya kawo Tanimu, ta miƙa masa takardar amsa laifin ta ce, “Malam Tanimu, ka san wannan?”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, ni ba na karatun boko. Wace takarda ce?”

Ya miƙa hannun dama ya karɓa, sai ta ga da yatsu huɗu ya riƙe ta. Ta ce ina babban yatsan? Ya ce ai bel ɗin injinsa ya tafi da shi tun Habi tana goye.

Kun ji fa! Mutumin da aka ce ya dangwala babban yatsan dama, ba shi da babban yatsan dama. Na'urar ta karanta kowace kalma daidai, ba ta yi ƙarya ba, hannun mutumin ne ba ta taɓa gani ba.

Amma Rakiya ta san mai gabatar da ƙara zai ce a gidan yari ya rasa yatsan. Sai ta dawo, ta haɗiye girman kanta, ta zauna kusa da Nusaiba ta ce a tambayi abin nan nata ko akwai inda aka ambaci yatsa. Nan take na'urar ta fito da wani shafi da a da ta ajiye gefe a matsayin marar muhimmanci: takardar da aka cike ranar da aka kama shi, inda ake rubuta tsayi da alamun jiki. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, ba babban yatsa a hannun dama. Rabin shafin ruwa ya cinye, ana ma ganin sawun wuƙar Saratu a gefensa.

Ranar shari'a na je kallo. Alƙali ya karanta takardun biyu, ya ce Tanimu ya ɗaga hannunsa na dama. Ya ɗaga. Aka sallame shi, ba laifi a kansa. Ni da na sha ganin irin wannan sai ga hawaye, ban kuma ɓoye ba.

To ga inda maganar ta zo kaina. Wata biyu da fitowarsa, Habi ta haifi 'ya mace. Mijinta Sha'aibu, mutumin kirki, ya ce Baba bai ga auren ba, don haka shi zai zaɓi suna. Tanimu ba shi da gona, injinsa ya daɗe da ruɓewa, ba shi da abin da zai ba kowa tukuici. Sunan nan shi ne kaɗai abin da ya mallaka, kuma ya rantse wadda ta fito da shi ita zai yi wa takwara. Jiya ya same ni a gida ya ce, “Malam, kai ka san kotu. Wace ce ta fito da ni?”

In na ce Saratu, gaskiya ne da ba ta hana wuta cin takardun ba, da na'urar ba ta da abin karantawa. Amma da ita kaɗai ce, da hotunan suna nan cikin wayarta har gobe, ita kanta ba ta san me ta ceto ba. In na ce Nusaiba, ita ta haɗa fayil ɗin da ya sa aka kira shi, ita ta tono shafin da ya wanke shi; amma saura ƙiris ta sa marar laifi ya ce shi ɗan fashi ne, jikarsa ta tashi da wannan tabo. Rakiya kuwa ita ta ga hannun, sai dai hannun nan yana nan shekara biyar sunansa na kan teburinta, ba ta je ba sai da na'urar da ta raina ta ba ta takardar da za ta miƙa masa.

Na ga bakinka yana motsi, Malam Buhari. Kada ka ce mini a haɗa sunaye uku, rago ɗaya ne, kuma suna ɗaya liman zai raɗa. Gobe da hantsi ne sunan, Tanimu na can ƙofar gidana yana jira.

To, Saratu, Nusaiba ko Rakiya: wace ce a cikinsu ta fi cancanta a kira jaririyar nan da sunanta?