Yadda Kurege Ya Ci Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To. Ladidi, ɗauke ƙafarki daga kan ƙanenki, ba tabarma ba ne.

Wata shekara birai suka je suka kafa gari a bakin tafki, tafkin da duk namun daji ke sha. Suka ja ganuwa, suka tara duwatsu a kanta. Duk wanda ya zo da ƙishirwa sai ya koma da ƙishirwarsa, a ƙara masa da ƙulu a goshi. Abin ya ishi kowa. Sai Zaki, sarkin dawa, ya tara jama'a a gindin kuka, ya ajiye hular yaƙi a gabansa, ya ajiye kwandon gyaɗa kusa da ita.

Al'adarsu ke nan tun kaka da kakanni: ba a ba ka hular yaƙi don ƙarfinka, sai don kakanka. Wanda aka yarda kakansa ya fi kowa dabarar yaƙi, shi zai sa hula, shi zai ci kwando, shi kuma zai shiga gaba.

Kurege ya makara. Da ya iso, abin da ya shiga kunnensa shi ne "zai ci kwando". Sauran maganar bai ji ba, bai kuwa tambaya ba. Ya raɓa ta bayan kwandon, ya cika kumatunsa, ya zauna kamar mutumin kirki.

Ɓauna ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar nan ba ta da tsawo. Kakana in ya hango abokan gaba, sai ya sa kai ƙasa ya nufe su."

Zaki ya ce, "Sai kuma me?"

Ɓauna ya ce, "Shi ke nan. Dabarar ke nan."

Kunkuru ya ce, "Wannan ai ciwon kai ne. Kakana da aka kawo masa yaƙi, shigewa ya yi cikin ƙoƙonsa ya zauna. Suka jira, ya jira. Suka jira, ya jira. Har suka tsufa suka mutu, ya fito ya yi wa iyalansu gaisuwa."

Kura ta ce, "Ku duka yara ne. Kakata ba ta zuwa sai an gama, an watse. Ba a taɓa ko ƙwarzanarta ba, kuma ba yaƙin da ta dawo da yunwa."

Aka yi ta musu. Wannan ya ce kakana, wancan ya ce kakana. Ɓauna ya ce wa Kunkuru tukunya mai ƙafa, Kunkuru ya ce masa sa marar gida. Rana ta take, maƙogwaro ya bushe, ruwa kuwa yana hannun birai.

Sai Kurege ya ɗaga hannu, kumatu dam da gyaɗa, ya ce, "Kakana ya ci gari shi kaɗai."

To, ku saurara nan. Akwai gari na ganuwa da ƙofa, akwai gari na tuwo. Mai buɗe baki sosai ba ya haɗa su, ɗaya gajere ne, ɗaya ana ɗan jan sa. Amma wanda ya cika kumatu da gyaɗar da ba tasa ba, ba mai gane wanne ya faɗa. Kakan Kurege ɓarawon rumbu ne, ba wani abu ba.

Zaki ya ce, "Shi kaɗai? Da wane makami?"

"Da haƙori, ranka ya daɗe."

"Ta ina ya shiga?"

"Ta ƙarƙashin ƙasa. Masu gadi suna kallon ƙofa, shi yana ciki yana aiki."

"Ya bar saura?"

"Ko na lasa bai bari ba. Da safe mata suka fito suna salati."

Ɓauna ya ce, "Kai ɗan nan, gari nawa ya ci?"

Kurege ya ce, "Yaya Ɓauna, wa ke ƙirgawa? Har na maƙwabta bai ƙyale ba. In sabo ne ma ya fi so."

Kun ga dai har nan bai yi ƙarya ba. Zaki ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa jin mayaƙi irin wannan ba. Aka ɗauki hula aka kifa wa Kurege, ta rufe shi ruf har wutsiya. Daga cikin hular ya ce a turo masa kwandon. Aka tura. Ya ci, ya ci, ya ci.

Da ya gama sai Zaki ya ce, "Madalla. Tashi ka je ka ci garin birai."

Hula ta ce, "Wa?"

"Kai. Yadda kakanka ya yi, kai kaɗai. In ka ci, mu sha ruwa. In ka dawo ba ka ci ba, ni in ci ka." Zaki bai ɗaga murya ba, shi ba ya wasa, ba ya kuma fushi.

Kurege ya kama hanya. In ya gudu, Kura ta san ƙofar raminsa. In ya je, duwatsu. Ya tsaya nesa da ganuwa ya ce, "To, abin da na gada shi zan yi." Ya shiga tono. Ya tona, ya tona, sai ga shi ya ɓullo a cikin rumbun birai. Ga garin dawa a tukwane, sabon niƙa, wanda suka sato daga ƙauye.

Mai hankali da ya tuna abin da ya kawo shi. Kurege sai ya ce bari ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana tukunya ta farko har gindi. Ya ɗanɗana ta biyu. Ya yi birgima a ta uku. Da ya ji motsi a waje ya faɗa rami, ya rikice, ya tona ta inda ba nan ba ne, sai ga kansa ya fito a tsakiyar garin birai. Kai ya fita, hannuwa sun fita, ciki ya ce shi ba inda za shi.

Birai suka kewaye shi, kowa da dutse a hannu. Suka ga abu fari fat ya tsiro daga ƙasa yana ƙifta ido.

Wani tsohon biri ya ce, "Mutum ko aljan?"

Kurege ya ce, "Baba, ka ga daga inda na fito. Wa kuke ajiyewa a ƙasa?"

Tsoho ya ce, "Magabata."

"To su suka aiko ni. Ku sauke duwatsun nan, ba a jifan ɗan aike."

Biran nan gida biyu ne, gidan Jatau da gidan Duna, kuma Kurege ya sha jin suna gori a kan ganuwa, kowane gida da kakansa. Sai ya ce, "Jatau da Duna suna can sun hana kowa barci. Musu suke, wa ya fi dabarar yaƙi. Matattu sun gaji, sun ce a zo a tambayi jikoki."

Wata gwaggo daga gidan Jatau ta ce, "Wannan har tambaya ce? Jatau in ya saki dutse, sai an nemi mai ɗinkin kai."

Tsohon nan, shi ɗan gidan Duna ne, ya ce, "Jifa ko yaro ya iya. Duna fa? Ja da baya yake yi, abokin gaba ya bi shi, ya bi shi, har numfashi ya ƙare masa ya faɗi."

"Gudu dai kake nufi, Baba."

"Ja da baya na ce, 'yar nan."

Gidan Jatau suka kama hannun Kurege na dama, wai ɗan aike baƙonsu ne. Gidan Duna suka kama na hagu, wai nasu ne. Suka ja, suka ja, sai ga shi ya fito fit kamar an zare toshiyar tulu. Ya karkaɗe kafaɗa ya ce, "Magabata sun ce ba sa son surutu. Kowane gida ya nuna dabarar kakansa yanzu, ni in tsaya in gani, in kai labari."

Gidan Jatau suka kwashi duwatsu. Gidan Duna suka ja da baya. Waɗannan suna jifa, waɗancan suna ja da baya, ta ƙofar gari, ta gona, ta fadama, har bayan dutse. Ba wanda ya yarda ya tsaya, don kada a ce kakansa ne ya gaza. An ce har yau ba su tsaya ba.

Kurege ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Ya koma rumbu ya ƙarasa tukunya ta huɗu, don ba kyau a bar aiki rabi.

Da ya iso gindin kuka yana jan ciki, Zaki ya ce, "Ka ci?"

"Na ci, ranka ya daɗe, har na ƙoshi."

Aka ruga tafki, aka sha, aka yi wanka. Zaki ya goge gemu ya ce, "Jini ba ya ɓuya. Gobe sai garin karnuka, sun daɗe suna damunmu."

Kurege ya ce, "Karnukan nan, suna niƙa?"

"Niƙan me? Ƙashi suke taunawa."

Kurege ya jawo hula ya ajiye a gaban sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da na bi ta ƙarƙashin ƙasa, na ratsa ta wajen magabata. Na ga kakan Yaya Ɓauna zaune a kan buzu, kakana yana tsugune yana yi masa fifita. Na tambaya, aka ce ai duk abin da kakana ya iya, a wajensa ya koya. Ba zan ci hakkin babba ba."

Ɓauna ya share ƙwalla ya ce, "Na faɗa muku tun farko. Yaron nan yana da tarbiyya." Aka sa masa hula, ta zauna daidai kamar don shi aka ɗinka. Ya tambayi kwando, aka ce an cinye. Ya ce ba komai, girma ya fi.

Washegari ya sa kai ƙasa ya nufi garin karnuka. Ya dawo da yamma, ba hula, ba rabin kunne. Tun daga ranar Ɓauna ba ya dariya, kowa ya gani sai ya bi shi. Shi kuwa Kurege, in kun gan shi ya miƙe tsaye a bakin rami yana leƙe-leƙe, Ɓauna yake dubawa.

Ƙurunƙus, na naɗe ta na jefa rumbu. Don haka in kun ji ana musun kakan wa ya fi, ku fara tambayar inda ake aiken wanda ya yi nasara. Kuma kada in ga ɗayanku yana magana da abinci a baki, sai in ya tabbata akwai kwando. Ladidi, tashi ƙanenki ya je ya yi fitsari, tabarmar tawa ce.