Kafso a Bakin Zanen Atika

Akwai wani mutum a Runka ana ce masa Maigandi. Manomi ne, amma shekarun da gonakin daji suka gagari shiga sai ya kwaso iyalinsa ya koma Batsari, ya samo tire ya jera magunguna yana bin kasuwanni a kan babur.

Cikin wata uku ya zama "Dakta". In ka kira shi Maigandi ma ba ya waiwayowa. Ni da nake ba ku labarin nan, duk iya tsara zancena, ban taɓa samun girman da tiren nan ya ba shi ba.

Matarsa Atika ta fi kowa yarda da shi. Shekara ashirin da huɗu suna tare, in ya ce sha, sha take yi.

Wata damina ciki ya murɗe ta. Ya ɓallo mata kafso ja da baƙi.

"Datti ne a cikinki. Biyu safe, biyu yamma, mu wanke shi tas."

Ciwon ya lafa, amma bai bar ta ta daina ba. Da gudawa ta biyo baya sai ya haɗa mata da wata kala, ya ƙara yawa.

"Malam, anya ba za mu je asibiti ba?"

"Ki bar likita a gida ki tafi bin layi? Me mutane za su ce da ni?"

Ta yi murmushi ta haɗiye.

Sati bakwai ana haka, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ranar da ta faɗi a bakin murhu aka sa ta a a-kori-kura zuwa wani asibiti a Katsina.

Likitan ya tambayi abin da ta sha. Maigandi ya lissafo sunayen da alfahari. Likita ya ajiye biro.

"Baba, kai manomi ne?"

"Da can."

"In ka yi wa gona feshi kullum, ciyawa kaɗai ke mutuwa?"

"Har shukar ma ƙonewa take."

"To haka hanji yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da Allah Ya zuba a ciki, su ke taimakon narkewar abinci, su ke tare mugaye. Kafson nan ya kashe su, wata muguwa guda ta samu fili ta yaɗu. Daga yau kada ta ƙara shan ko ɗaya sai wanda muka ba ta."

Atika na ɗakin mata a kwance, ba ta ji wannan magana ba. Maigandi kuwa da ya shiga ta tambaye shi me aka ce, sai ya kasa. Yaya zai kalli matar da ke kiransa likitan gida ya ce shi ne?

"Sun ce ciwon shawara ne. Za ki warke."

Aka sa mata ruwa, aka ba ta maganin asibiti. Kwana shida ba sauƙi. Likita ya ce a wasu manyan asibitoci akan tace bayan-gidan mai lafiya a sa wa marar lafiya a hanji, don ƙwayoyin kirki su sake tsiro.

Maigandi, mutumin da ba ya fita sai da guga a riga, ya durƙusa a gaban jama'a.

"Ga ni. Lafiyata ƙalau. A ɗebi nawa."

"Baba, tashi. Sai an yi gwaje-gwaje, kuma ba mu da kayan aikin a nan."

Ana shirin tura su gaba ne wata nas mai suna Blessing ta zo canza wa Atika zane. Ta ji ƙulli a bakin zanen, ta kwance. Kafso ne ja da baƙi, saura uku.

"Mama, wa ya ba ki wannan?"

Da ƙyar muryarta ta fito.

"Na gida ne, 'yata. Malam ya ce kada in tsallake ko rana ɗaya. Ina haɗawa da naku don in yi saurin tashi."

Maigandi na tsaye a bakin gado. Ya buɗe baki zai faɗa mata, ta riga shi.

"Ka gani, Malam, ban fasa ba."

Ta rasu washegari da hantsi, motar da za ta kai su ba ta ma iso ba.

Darasi: Kafso ba gyaɗa ba ne, kada ka sha ko ka ba wani sai da izinin likita, domin ba duk ƙwayar da ke cikinka ce maƙiyiya ba. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun yana da amfani, kunyar minti ɗaya ba ta kai rai ba. Na san halinku, ku karanta ku share hawaye ku wuce kamar ba ni na sha wahalar rubutu ba. Yau dai ku tura wa wani, ko don masu ƙulli a bakin zane. Allah Ya jiƙan Atika.