Bai Ɗaga Kafet Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Minna, wajen Dutsen Kura, mai gyaran jikin mota. Ba zan faɗi sunansa ba, kada wani ya biyo ni bayan salla yana tambaya.

Mutumin nan gwani ne. Duk mai son sayen tsohuwar mota sai ya ɗauke shi ya duba masa tukuna. Zai bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ya san fila aka cusa, wato ƙullin cike lotsa, ba ƙarfe ba ne. Zai ɗaga kafet ya caki ƙasan motar da sukundireba. In ya ce saya, a saya. In ya girgiza kai, an fasa ciniki.

Wata rana wani dillali ya kawo masa tsohuwar mota, irin ta zamanin iyayenmu wadda masu sha'awa ke nema yanzu. Ta sha damuna a yashe, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango ƙasa ta gefen mai zaman banza. Aikin gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen, a yi waldar sabon ƙarfe. Amma dillali na sauri, shi kuma ya ji ƙyuya. Sai ya jawo tsohon allon shagonsa na kwano, ya yanka, ya rufe ramin, ya like da fila, ya shafe ƙasan da kwalta, ya mayar da kafet. A ransa ya ce ai baƙo ne zai saya.

To baƙon ba ɗan Adam ba ne, jama'a?

Ana nan sai maƙwabcinsa Irimiya ya zo masa da murna. Irimiya Kirista ne, tare suka tashi, a kwano ɗaya suka ci tuwon mahaifiyar mutumin nan, har yau Inna yake ce mata. Ya ce, "Ɗan'uwa, na ga mota irin ta marigayi Babana sak. Zo ka duba min. Abin da ka ce shi zan yi."

Suna isa Maitumbi, mutumin nan ya ga motar, ya gane ta. Ita ce. Ga dillalin nan tsaye yana masa murmushi.

A nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Kalma ɗaya ce: kada ka saya. Amma ya san in ya ɗaga kafet, dillali zai ce, "Ai aikinka ne." Sai ya ji kunyar mutum biyu, bai ji kunyar Ubangijinsa ba. Ya ɗauko maganaɗisu yana mannawa a inda ya san ƙarfe ne, yana kamawa ɗaf. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can. Kafet kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau."

Irimiya ya saya. Kullum ya wuce sai ya danna masa hon ya ɗaga hannu, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa. Sau nawa ya yi niyyar cewa kawo ta in sake dubawa? Bai faɗa ba.

Rannan aka yi rasuwa a dangin Inna a Kagara, mutumin nan yana wajen aiki. Irimiya ya ce ba za ta shiga motar haya ba yana da mota. Ya zaunar da ita a gaba don girmamawa. A hanya suka faɗa wani rami, ƙasan motar ya ɓurme, ƙafar tsohuwa ta zurma, kwano ya tsarge ta har ƙashi.

Mutane suka taru suka ciro ta. Wani ya ɓamɓaro kwanon ya juya shi. Ga sunan mutumin nan da jan fenti, ga lambar wayarsa. Ya karanta da ƙarfi, kowa ya ji.

Inna ta rayu, amma da sanda take tafiya. Irimiya bai kai shi ƙara ba, bai zage shi ba. Ya zo shago ya ajiye kwanon a gabansa, ya ce, "Na kawo maka allonka." Ya juya. Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Da mutumin nan ya je asibiti, uwarsa ta dube shi ta ce, "Ƙafata ba komai. Irimiya ka yi wa haka? Da wane ido zan kalli matarsa Hannah?" Ta mayar da fuskarta bango.

Labari ya zaga gari. Babu wanda ya sake kiransa duba mota. Ya rufe shago. Yanzu a sahun ƙarshe yake salla, ana sallamewa ya fice.

Ya 'yan uwa, algus haramun ne, ko ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba. Wanda ya ce maka duba min, amana ya ɗora maka, shirunka ma shaidar zur ce. Zunubinsa na farko ƙyuya ce, ana iya gyara ta da walda. Na biyu ne ya kashe shi, da ya ga gaskiya ya rufe baki don kada a ga aibinsa. Kai da ke saurarona, me ka shafe da fenti a sana'arka? Je ka ɗaga kafet ɗin da hannunka yau, kafin a ɗaga maka shi a bakin titi.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko a kanmu take. Allah ya kiyaye mu da tonon asiri, duniya da lahira. Amin.