Ramin da Malam Mati Ya Ƙi Haƙawa

An yi wani bawan Allah a wani gari, aka miƙa masa diga aka ce ya haƙa rami, ya ce ba zai haƙa ba.

'Yan uwana mata, ku saurara. Sunansa Malam Mati, shi ke horar da 'yan mata ƙwallon kwando a wata kwaleji. Ana asubar fari yana fili da usur a wuya. A jefa, a sake jefawa, a sake jefawa, har kafaɗa ta yi tsami. Da haka suka kai wasan ƙarshe, kuma a filinsu za a buga.

Sai shugaban kwalejin ya zo da wani boka mai jajayen idanu, riƙe da ƙunshin baƙin ƙyalle yana ɗigar jini.

Shugaba ya ce, "Malam, binne mana wannan a gindin kwandon gabas. Duk wanda ya jefa ƙwallo a nan, ba za ta shiga ba."

Malam Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bar ni da yarana mu yi atisaye. Wannan shirka ce, hannuna ba zai taɓa ba."

"Da ni kake? Gidan da kake ciki na waye?"

"Na makaranta ne, ranka ya daɗe. Amma ba zan haƙa ba."

Kafin la'asar an fitar masa da kayansa tsakar rana, matarsa na goye da jariri. Wasu suka haƙa, suka binne.

Tun daga ranar, ungulu ta riƙa sauka a kan allon kwandon nan, ba ta tashi ko an jefe ta. Iska na kaɗa ragar yamma, ta gabas shiru kamar an ɗaure. 'Yan mata suka daina atisaye. Kyaftin ɗinsu, Kuluwa, har dariya take: "Wahalar me? Aiki ya riga ya gama aiki."

Ranar wasa baƙin da suka zo karawa da su suka fara jefawa a kwandon gabas. Duk wadda ta kuskure, sai 'yan kallo su ɗau ihu, "Ya kama! Ya kama!"

To, ku saurara. A wannan wasa, idan aka je hutun rabin lokaci, juya gefe ake yi. Boka bai sani ba, shugaba kuwa bai taɓa zama ya kalli wasa ba. Alƙalin wasa ya nuna wa su Kuluwa gabas.



Kuluwa ta tsaya da ƙwallo, ta ɗaga kai, ungulu na kallonta. Ta jefa, ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ta bayanta ta raɗa mata, "Yaya, ni ba zan jefa ba, kada hannuna ya shanye." Suka dinga miƙa wa juna ƙwallo kamar garwashi. Ga numfashi ya ƙare, don ƙirjin da ya bar gudu ba ya ɗaukar wasa. Baƙi kuwa ba su san da wani ƙunshi ba, suka yi ta zurawa har aka tashi.

Kuna zaton an je an ba Malam Mati haƙuri? Ina! Cewa aka yi bakinsa ne ya karya aikin. Babu makarantar da ta sake ɗaukarsa. Ya tsufa a ɗakin haya, yana facin tayar keke.

Ba zan yi muku ƙarya ba, gaskiya ba kullum take biya a duniya ba. Amma nasara, bayan ikon Allah, tana wajen wanda ya so abu da gaske, ya bi mai koya masa, ya yi gumi. Ke mai jarrabawa a gaba, ke mai neman aiki, wata rana za a miƙo miki ƙunshi a ce ki binne. Ki ce a'a. Kuma ki sani tun yanzu, a'ar nan ta ci wa Malam Mati aikinsa da gidansa da sunansa. Imaninsa kaɗai ya fita da shi, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba.